Bolio a Amurka, Beaulieu a Kebek: ta ina ake kamo asalin iyali idan suna ya rikiɗe?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka saba da rajistar cocin Katolika ta lardin Kebek a Kanada. Ana bin asalin wani iyali da ya zauna a jihar Vermont ta Amurka. A ƙidayar jama'a ta 1860 an rubuta sunan dangin Bolio, a ta 1870 Bolia, a jikin dutsen kabari kuma Boulia. Wurin haihuwar maigidan da matarsa "Canada" kawai aka sa. A takardar rasuwar ɗaya daga cikin 'ya'yansu an rubuta sunan dangin uwar King. An duba fihirisar Kebek kaf, babu Bolio, babu kuma King da ya dace da shekarun. Ta ina ake farawa?

Malamin Faransanci:
Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko, daina kallon sunan da ido, ki furta shi da baki. Ma'aikacin ƙidaya a Vermont Turancin Ingilishi yake ji, abin da kunnensa ya jiyo ya rubuta. Bolio, Bolia, Boulia duk Beaulieu ne, domin a Faransanci "eau" sautin "o" yake bayarwa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wannan sarai: Ousmane a Maraɗi shi ne Usman a Katsina, baki ɗaya ne, alƙalami ne biyu.

Sunayen da suka tsallaka iyaka ta hanya uku suka canza. Wasu an rubuta su da kunne: Gauthier ya koma Gokey, Thibault ya koma Tebo, Benoît ya koma Benway, Archambault ya koma Shambo, Hébert ya koma Abare, Choquette ya koma Shackett. Wasu fassara su aka yi: Leblanc ya zama White, Boisvert ya zama Greenwood, Boulanger ya zama Baker, Lévesque ya zama Bishop, Courtemanche ya zama Shortsleeves. King ɗinki yana cikin wannan rukuni, kusan kullum Roy ne. Na uku kuwa, wanda ya fi ɓatar da mutane, shi ne a ɗauki wani sunan Ingilishi ko na Ailan da ya yi kama a sauti a liƙa wa mutum, kamar yadda Chouinard ya koma Sweeney. Irin wannan, idan ba a ga takarda ba, sai a yi ta neman kakanni a Ailan alhali suna bakin kogin Saint-Laurent.

Saboda haka ki koma fihirisar da Beaulieu da Roy.

Tsohon Magatakarda:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai aikin bai ƙare a nan ba. Malama za ta iya neman Beaulieu ta rasa, domin mutumin yana iya kasancewa a rajista da wani suna dabam gaba ɗaya. Mutanen Kebek na dā suna da laƙabin dangi da ake haɗawa da sunan asali da kalmar "dit", wato "wanda ake kira". Hudon dit Beaulieu, Audet dit Lapointe, Miville dit Deschênes, Jarret dit Beauregard, Séguin dit Ladéroute, Gauthier dit Larouche. Wannan laƙabi ana gādonsa, kuma fada, wato limamin cocin, yana rubuta wanda ya ga dama. A baftismar ɗa na farko ya rubuta Hudon, a ta biyu Beaulieu, a ta uku Hudon dit Beaulieu, wani sabon fada ya zo ya juya su ya rubuta Beaulieu dit Hudon. Iyali ɗaya ne, gida ɗaya.

Tushen laƙabin kala-kala ne. Da yawa daga soja suka fito, domin a rundunar Faransa ana ba sabon soja sunan yaƙi: Lafleur, Jolicoeur, Laviolette, Sansregret, Vadeboncoeur. Rundunar Carignan-Salières da ta iso Kanada a 1665 da soja wajen 1,200, kimanin 400 daga cikinsu suka zauna suka yi aure, sunayen yaƙinsu suka bi 'ya'yansu. Wasu laƙaban sunan garin da mutum ya fito ne a Faransa, wasu na gona ne ko sana'a. Wasu kuma an ƙirƙire su ne don a bambanta 'yan'uwa idan dangi ya yi yawa a ƙauye ɗaya. Dangin Rivard na yankin Batiscan misali ne mai kyau: daga 'yan'uwa biyu, Nicolas Rivard dit Lavigne da Robert Rivard dit Loranger, zuri'ar ta rarrabu zuwa Lavigne, Loranger, Lacoursière, Lanouette, Dufresne, Bellefeuille da wasu. A rabin ƙarni na 19 na biyu iyalai suka riƙa zaɓar ɗaya su watsar da ɗaya, kuma wa da ƙane suna iya zaɓa dabam-dabam. Daidai lokacin ne kuma ake ƙaura zuwa Amurka, shi ya sa rikicin ya ninku.

Ɗan Zaure:
To ai magana ta fito ke nan. Pierre Hudon dit Beaulieu ya auri Marie Gobeil a birnin Kebek a 1676, ya zauna a Rivière-Ouelle. Zuri'ar Roy dit Desjardins kuma suna Kamouraska, maƙwabciyar Rivière-Ouelle. Beaulieu ya auri Roy, ga dangin biyu a gefen juna. Malama ta buɗe rajistar waɗannan garuruwa biyu kawai.

Hajiya Mai Salsala:
Ɗana, a yi a hankali. Kama da wane ba ta wane. Wannan tsalle da ka yi shi ne ya cika intanet da bishiyoyin nasaba na ƙarya. Hudon ba su kaɗai ne Beaulieu ba. Akwai Martin dit Beaulieu, akwai Thomas dit Beaulieu, kuma ba su haɗa jini da Hudon ba. Roy ma haka: ban da Desjardins akwai Roy dit Portelance, akwai Roy dit Châtellerault, akwai Roy zalla daga kakanni dabam-dabam. Laƙabi ɗaya yana iya hawa kan dangi goma, dangi ɗaya kuma yana iya ɗaukar laƙabi goma.

Sannan ka duba taswira. Mutanen da suka shiga Vermont kafin 1860 akasarinsu daga kwarin kogin Richelieu suka gangaro ta tafkin Champlain, daga wurare irin su Chambly, Saint-Jean, L'Acadie, Henryville da kewayen Saint-Hyacinthe. Kamouraska tana can ƙasan kogin Saint-Laurent, nesa. Yana yiwuwa kakan kakan ya fito daga can, amma ba a fara bincike daga 1676 a gangaro. Daga Vermont ake farawa a hau sama, tsara ɗaya bayan ɗaya, kowace tsara da takardarta.

Kuma abin da ake nema ba mutum ɗaya ba ne, ma'aurata ake nema. A rajistar Kebek mace ba ta rasa sunan gidansu. Daga baftismarta har binne ta, da sunan mahaifinta ake rubuta ta, a baftismar kowane ɗa nata ma haka. Wannan ita ce babbar ni'imar wannan rajista. Joseph Beaulieu suna da yawan gaske, amma Joseph Beaulieu mijin wance Roy, a tsakanin shekaru goma da aka sani, da wuya su wuce biyu ko uku.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode ƙwarai, Hajiya. To idan an sami takardar auren, me take ƙunsa da zai sa a tabbatar?

Hajiya Mai Salsala:
Takardar aure ita ce tsani. Fada yakan rubuta ranar aure, sunan ango, sana'arsa, ko ya kai shekarun girma ko bai kai ba (majeur ko mineur), sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa da sunan gidansu, yankin cocin da suke zaune, sannan duk wannan a kan amarya. Idan an sa "feu" ko "défunt" gaban sunan uba, ya riga ya rasu kafin ranar, "défunte" kuma ga uwa. Da wannan kina da ma'aurata biyu sababbi, sai ki nemi aurensu, haka har ki kai wanda ya sauka daga jirgi, inda galibi za a faɗi garinsu a Faransa.

Wurare uku ake tuntuɓe. Na farko, idan ango matarsa ta taɓa rasuwa, fada yakan rubuta "veuf de" da sunan marigayiyar, ya bar iyayensa. Dole ki koma aurensa na farko. Haka ga mace, "veuve de". Na biyu, yawanci a cocin garin amarya ake ɗaura aure, don haka neman auren a garin ango ɓata lokaci ne. Na uku, shekarun girma a zamanin mulkin Faransa 25 ne, daga baya ƙarƙashin Ingila aka mayar 21, don haka "mineur" a 1740 yana iya zama ɗan shekara 24.

Ki kuma karanta shaidu a ƙasan takardar. Ana faɗin dangantakarsu: wan ango, kawun amarya, mijin 'yar'uwa. Sau da yawa a nan ne laƙabin da fada ya bari a sama yake bayyana, a ga ango Beaulieu amma wansa shaida an rubuta shi Hudon.

Mai Laburare:
Bari in faɗi inda takardun suke, tunda ana ta ambaton rajista. Rajistar Katolika ta Kebek ta fara daga 1621. Ta farkon ta ƙone a gobarar 1640 a birnin Kebek, aka sake rubuta ta daga abin da mutane suka tuna, don haka shekarun farko a yi musu kallon haka. Daga ƙarshen shekarun 1670 doka ta sa ana rubuta kwafi biyu, ɗaya ya zauna a coci, ɗaya a kai kotu duk shekara. Wannan tsari ya ci gaba har ƙarshen 1993, daga 1994 ofishin gwamnati ya karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Amfanin kwafi biyu shi ne idan shafi ya yage ko tawada ta dushe a ɗaya, sai a duba ɗayan. Kuma ba kullum suke daidai ba, wani lokaci laƙabin yana cikin kwafi ɗaya ne kawai.

Cibiyar Drouin ta ɗauki hoton rajistar a ƙaramin fim tun shekarun 1940, shi ne tarin da ake gani a shafin binciken nasaba na Ancestry da kuma shafin Généalogie Québec, mai fihirisar da ake kira LAFRANCE. Shafin FamilySearch yana da nasa hotunan kyauta, BAnQ wato hukumar laburare da adana takardu ta Kebek ita ma ta sa kwafin kotu da yawa a intanet. Sai PRDH na Jami'ar Montreal, shirin da aka fara 1966, wanda ya haɗa baftisma da aure da binnewa na kowane mutum ya gina iyalai, daga farkon mulkin Faransa zuwa tsakiyar ƙarni na 19. PRDH da LAFRANCE suna daidaita rubutun suna, wato idan kika nemi Thibault za su kawo Tibo da Thibeau da Tibaut tare, kuma suna haɗa suna da laƙabinsa. PRDH yana da wurin da za ki sa suna ya nuna miki laƙaban da aka taɓa haɗa shi da su da yawan kowanne. Malama ta sa Beaulieu a nan kafin komai.

A littattafai akwai ƙamus ɗin nasabar iyalai na Fada Cyprien Tanguay mai juzu'i 7, da ya fito tsakanin 1871 da 1890, da na René Jetté na 1983 wanda ya tsaya a 1730.

Tsohon Magatakarda:
Ina da ja a kan dogaro da waɗannan fihirisa masu daidaita suna. Suna da amfani, amma mutum ne ya karanta rubutun hannun ya shigar, kuma mutum yana kuskure. A rubutun ƙarni na 17 da 18 akwai doguwar "s" mai kama da "f". Harafin "u" da "n" da "v" kusan ba a bambanta su. Babban "L" da "S" suna rikicewa, haka "T" da "F". Idan mai shigarwa ya karanta harafin farko ba daidai ba, babu daidaitawar da za ta ceto sunan. Fihirisar Ancestry ta tarin Drouin musamman tana cike da irin wannan. Tanguay kuma ya haɗa mutane biyu masu suna ɗaya a wurare da dama, ya ba wasu iyayen da ba nasu ba. Duk inda Tanguay da Jetté suka saɓa, Jetté ya fi inganci, duk inda Jetté da hoton rajista suka saɓa, rajista ce gaba.

Ƙa'idata ita ce fihirisa ta nuna miki shafi, ke kuma ki buɗe shafin ki karanta da idonki. Idan kin san cocin amma fihirisa ba ta ba ki komai ba, ki bi rajistar shafi-shafi. A gefen kowane rubutu ana sa B na baftisma, M na aure, S na binnewa, da sunan mutumin, don haka ido yana gudu da sauri. Rajista da yawa ma suna da jerin sunaye na fada a ƙarshen shekara.

Mai Laburare:
Ranka ya daɗe, ban musa ba, hoton rajista shi ne hujja. Amma a ce wa mai farawa ta bi shafi-shafi alhali ba ta san ko wane coci ba ne, cikin ɗaruruwan coci, ai ba ta gamawa. Fihirisa ce za ta rage mata zuwa coci uku ko huɗu. Kuma a yi wa PRDH adalci, ba ajinsu ɗaya da fihirisar da aka yi cikin gaggawa ba. Masana ƙididdigar al'umma ne suka gwada kowace takarda da 'yar'uwarta, kuma suna gyara idan an nuna musu kuskure.

Abin da zan ƙara shi ne a guji tsarin Soundex da wasu shafukan Amurka suke amfani da shi wajen kawo sunaye masu kama. An gina shi a kan furucin Ingilishi, yana riƙe harafin farko yana ƙirga baƙaƙen da Faransanci ba ya furtawa. Thibault a Soundex T143 ne, Tebo kuma T100, ba za su taɓa haɗuwa ba. Gauthier G360 ne, Gokey G200. Hébert yana ƙarƙashin H, Abare yana ƙarƙashin A. Gara alamar tauraro, mai tsayawa a madadin kowaɗanne haruffa: a rubuta B*l* tare da sunan fari da shekarar haihuwa da gari, ko ma a bar gurbin sunan dangi fanko a nemi sunayen fari na miji da mata da 'ya'ya a gari ɗaya.

Malamin Faransanci:
Tunda an zo kan rubutu, ko a cikin Kebek kanta suna bai da tsayayyen rubutu kafin ƙarshen ƙarni na 19. Yawancin manoma ba sa rubutu, shi ya sa takardu da yawa suke ƙarewa da cewa sun bayyana ba su iya sa hannu ba. Fada ne ke rubuta abin da ya ji. Ga abubuwan da suka fi canzawa, ki riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Sautin "o" a ƙarshen suna ana rubuta shi eau, au, aud, ault, aut, aux, ot ko o: Renaud, Renault, Reneau, Renaux. Sautin "e" kuma é, er, et, ay, ai: Tremblay, Tremblé, Tremblai, Gagné, Gagnier, Gasnier. "H" na farko yana zuwa yana tafiya: Hébert da Ébert, kuma kakan 'yan Ouellet a takardun farko Hoûallet ake rubuta shi. "An" da "en" sauti ɗaya ne, haka "am" da "em". Tsohuwar "s" da ba a furtawa tana nan a Lévesque da Benoist, ta ɓace a Lévêque da Benoît. Mutanen Kebek suna furta "t" na ƙarshe, shi ya haifar da Ouellette, Audette, Paquette daga Ouellet, Audet, Paquet. "Le", "La", "De", "Du" na gaba suna iya faɗuwa: Roy da Leroy. Sai kuma canjin furuci na gaske, kamar Guyon da ya koma Dion a bakin mutane.

Akwai ma waɗanda suka bi hanyar a juye. Matthias Farnsworth, yaron da aka kama a Groton ta Massachusetts a 1704 aka kai Kanada, sunansa ya narke a bakin masu Faransanci har ya zama Phaneuf. Wanda ya je neman Phaneuf a Faransa ba zai samu ba.

Kada kuma a manta sunan fari shi ma yana rikiɗa. Jean-Baptiste ya zama John ko Batiste, Narcisse ya zama Nelson, Napoléon ya zama Paul, Rose-de-Lima ta zama Delima. A cocin Amurka da ake rubutu da Latin za ki ga Ludovicus a madadin Louis, Jacobus a madadin Jacques, Carolus a madadin Charles. A rajistar Kebek ana taƙaitawa: Jn Bte, Frs, Chs. Watanni ma haka, kuma wannan yana kayar da mutane da yawa: 7bre Satumba ne, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba. Wanda ya karanta 7bre a matsayin wata na bakwai ya yi kuskuren wata biyu.

Ɗalibar Tarihi:
Allah ya saka da alheri. Matsalar da ta rage ita ce gadar. Idan an sami Beaulieu da Roy guda biyu ko uku a Kebek da shekarunsu suka yi daidai, yaya za a san wanne ne ya je Vermont? Kuma idan a Amurka suka yi aure fa?

Hajiya Mai Salsala:
A nan ne aikin yake, 'yata. Kafin ki taɓa Kebek, ki tattara duk abin da ke Amurka a kan dukan 'ya'yan, ba wanda kike bi kaɗai ba. Ki jera sunayensu da shekarunsu daga ƙidayar 1850, 1860, 1870 da 1880, ki lura da wanda aka haifa a Kanada da wanda aka haifa a Vermont. Tsakanin na ƙarshen Kanada da na farkon Vermont, nan ne shekarar ƙaura. Ta 1890 kada ki neme ta, gobarar 1921 ta lalata kusan dukanta. Idan manyan 'ya'ya uku an haife su a Kanada, to baftismarsu tana can, kuma jerin sunayen nan uku da tazarar shekarunsu shi ne zai ware miki ma'aurata ɗaya daga sauran.

Takardar hukuma ta Amurka magatakardan gari ne ya rubuta ta da kunnen Ingilishi. Takardar coci ta fi ta, musamman cocin da aka kafa don masu Faransanci, domin fadan ɗan Kebek ne, zai rubuta Beaulieu da Roy yadda suke. Cocin Saint-Joseph na Burlington, wanda aka kafa 1850, shi ne irinsa na farko a wannan yanki na Amurka. Kafin a sami irin waɗannan coci, iyalai da yawa suna komawa garuruwan Kebek na bakin iyaka su yi wa 'ya'ya baftisma, wani lokaci yara biyu ko uku rana ɗaya, fada ya rubuta cewa iyayen mazauna Amurka ne. Wasu sun yi aure a gaban alƙalin gari ko limamin Furotesta, daga baya suka je cocin Katolika aka gyara auren, abin da rajista take kira "réhabilitation", kuma a nan akan faɗi iyayensu.

Uban baftisma da uwar baftisma, wato waɗanda suke tsayawa wa yaro a baftisma, su ma shaida ne. Yawanci kawu ne ko gwaggo ko kaka. Ki rubuta sunan kowannensu, domin idan 'yan'uwan ma'auratan da kike zato a Kebek su ne suke tsayawa wa yara a Vermont, gada ta haɗu.

Tsohon Magatakarda:
Ƙari a kan maganar Hajiya, ga waɗanda iyalinsu suka ƙaura daga baya, lokacin masaƙun garuruwan Lowell, Manchester, Fall River, Woonsocket da Lewiston na arewa maso gabashin Amurka. Tsakanin 1840 da 1930 mutum wajen 900,000 suka bar Kebek zuwa Amurka, kuma da yawa suna zuwa suna komawa, don haka ɗa ɗaya a Lowell, na biye a Kebek, na uku kuma a Manchester ba abin mamaki ba ne. Massachusetts ta fara rajistar jiha tun 1841, kuma takardun aurenta sukan faɗi iyaye. Daga 1908 dokar coci ta Ne Temere ta sa a riƙa aika labarin aure zuwa cocin da aka yi wa mutum baftisma, a rubuta a gefen shafin. Sai ka ga baftismar 1885 a ƙauyen Kebek, a gefenta an rubuta ya yi aure a coci kaza a Amurka da wance. A kwafin coci ake samun wannan, don na kotu ya riga ya bar hannun fada. Ƙungiyoyin binciken nasaba na Woonsocket da Manchester sun buga jerin aure da baftisma na coci da yawa na yankin.

Gargaɗi ɗaya a kan baftisma. Idan yaro ya rasu, akan mayar da sunansa ga wanda aka haifa bayansa. Kafin ki ce wannan Pierre na 1822 shi ne naki, ki duba ko an binne shi a 1823 an sake haifar wani Pierre a 1825. Kuma kusan kowace yarinya Marie ce a gaba, maza da yawa Joseph, sunan da ake kiran mutum da shi yana iya zama na biyu ko na uku.

Ɗan Zaure:
Na karɓi gyara, Hajiya. Amma gwajin DNA ba zai yanke wannan doguwar hanya ba? Namiji daga zuri'ar ya yi gwajin layin uba, a ga ko Hudon ne ko Martin.

Mai Laburare:
Gwajin layin uba yana iya faɗin wane Beaulieu ne, idan akwai waɗanda suka riga suka yi daga kowane dangi kuma takardunsu sun inganta. Wannan taimako ne na gaske, yana rufe ƙofofi da yawa. Abin da ba zai faɗa ba shi ne wane jika ne cikin ɗaruruwan jikokin kakan. Gwajin da ke nuna 'yan'uwa ta kowane ɓangare kuwa yana ruɗarwa a nan, saboda mutanen Kebek sun fito daga tushe kaɗan, 'yan dubbai, cikinsu har da matan nan wajen 800 da sarkin Faransa ya aiko tsakanin 1663 da 1673, sannan aka yi ta auren juna tsawon ƙarni biyu. Mutum biyu suna iya haɗa kakanni ta hanya shida, sai na'ura ta nuna su kusa alhali nesa suke.

Idan rajistar coci ta yi giɓi, abin da ya fi DNA shi ne takardun notaire, masu rubuta yarjejeniya a hukumance. Ma'aurata da yawa suna rubuta yarjejeniyar aure kwanaki kaɗan kafin ɗaurin, kuma tana faɗin iyaye da dangin da suka halarta, sau da yawa fiye da abin da fada ya rubuta. Rabon gado da sayar da gona su ma suna jera magada, wani lokaci har a ce wane yana zaune a Amurka. BAnQ ke riƙe da su.

Sai dai a lura, idan bincike ya kai ga mutanen Acadie, wato yankin Nova Scotia da New Brunswick na yanzu, lissafin ya canza. Rajistarsu da yawa ta ɓata lokacin da Ingila ta kore su daga yankin a 1755, kuma ƙamus ɗin Stephen White na Jami'ar Moncton ake dubawa.

Ɗalibar Tarihi:
Tambaya ta ƙarshe. A bishiyar nasaba wane rubutu za a sa, Bolio ko Beaulieu ko Hudon?

Tsohon Magatakarda:
A babban gurbi ki sa sunan da mutumin ya rayu da shi. Wanda aka haifa a Vermont ya mutu yana Bolio, Bolio ne, kada a mayar da shi abin da bai taɓa amsawa ba. Mahaifinsa da aka yi wa baftisma a Kebek ki sa masa cikakken sunan da laƙabinsa, idan rajista ta nuna su tare ko sau ɗaya. A ƙarƙashin kowane mutum ki buɗe jeri mai gurbi huɗu: kwanan wata, coci ko gari, irin takardar, da sunan harafi-harafi yadda aka rubuta shi, ba tare da gyara ba, har da sunan fadan da ya sa hannu. Sunan fada yana da amfani domin rubutun yakan canza ne ranar da aka canza fada, kuma idan kin gane yadda wani fada yake rubuta sunan, za ki san da wane rubutu za ki nemi sauran 'ya'yan da aka yi wa baftisma a shekarunsa.